CapCut, InShot ko KineMaster: wanne ya dace da mai tallar kaya a waya, kuma wane sauti zai ɗora?

Mai tallar kaya a waya ba shi da wani dogon lokaci. Daƙiƙa biyu ne ko uku, daga nan babban yatsan mai kallo ya ja sama, an wuce wurin. Su kansu kamfanonin da haka suke lissafi: Facebook na da ma'aunin waɗanda suka tsaya a kan bidiyo na daƙiƙa 3, a ɓangaren tallan TikTok kuma akwai na daƙiƙa 2 da na daƙiƙa 6. Don haka wanda ya buɗe bidiyonsa da tambarin shago yana juyawa a hankali, sannan doguwar gaisuwa, sannan "daga shago mai lamba kaza a layi kaza", ya cinye rabonsa kafin a ga ko yadi ɗaya. Ba cewa ake a bar sallama ba. A yi ta alhali kayan suna kan fuskar waya, hannu yana warware su.

Wanda ya gane wannan, tambayoyi biyu ne ke gabansa: da wace manhaja zai yanka bidiyon, kuma wane sauti zai ɗora masa. A gurup ɗin 'yan kasuwa ta farkon ce ake ta musu a kai, kowa na yabon tasa. A ganina ta biyun ta fi taɓa ciniki, amma tunda sai da manhaja ake ɗora sautin, daga nan ya kamata a fara.

CapCut na kamfanin ByteDance ne, wato masu TikTok, ya kuma shigo kasuwar duniya a 2020. Wannan dangantakar ita ce ƙarfinsa. Duk salon da ya fara tashe a TikTok, ba a jimawa za ka tarar an tsara shi a CapCut, kai dai ka zuba hotunanka shida ko takwas, manhajar ta yanka su daidai da bugun kiɗa ta miƙo maka. Ga wadda ke sayar da jakunkuna da takalma, take son jera kala goma cikin daƙiƙa goma sha biyar, da wuya a sami abin da ya kai wannan sauƙi. Yana da rumbun ƙananan sautuka a cikinsa, yana iya ɗiga maka alama a kan kowane bugu na kiɗa don ka san inda za ka yanka, yana cire bayan hoto, yana rage gudun motsi a tsakiya sannan ya saki, yana matso da hoto sannu a hankali har kan zanen atamfa. Ɗan guntun tambarinsa da yake liƙawa a ƙarshen bidiyo kuwa gogewa kawai ake yi.

Sai dai yana da nauyi. A ƙaramar waya mai ram 2 ko 3, da ka ɗora hawa uku na rubutu da kwalliya sai hoton ya fara tsalle, ka kasa gane ko sautinka ya faɗa inda kake so. Shirye-shiryen salon nan da yawancin kayan adonsa sai da data ake sauko da su, data kuwa ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Ga kuma abin da ya fi ba mutane haushi: abin da kake amfani da shi kyauta bara, bana sai ka ga an manna masa alamar Pro. Idan ba ka lura ba, sai ka gama aikin awa guda, ka zo fitar da bidiyo, a ce ko ka biya ko ka cire abin.

Akwai wata illa da ba a cika faɗa ba. Shiryayyen salon da ya burge ka ya burge wasu dubbai. Kwastomarka ta riga ta ga wannan walƙiyar da wannan juyin a bidiyon mai turare, da na mai kek, da na bikin ƙawarta, don haka idonta ba ya tsayawa. Sannan salon ba ruwansa da abin da kake sayarwa. Rabin daƙiƙa yake ba kowane hoto, alhali mai sayen leshi tana so ta ga ramukan aikin da yadda dutsen yake zaune. In za ka yi amfani da CapCut, ka koyi yanka da hannunka, ka bar shiryayyen salo sai ranar da kake sauri.

InShot bai kai CapCut yawan kaya ba, kuma wannan ne ya sa nake tura yawancin masu farawa wurinsa. Ka buɗe, ka zaɓi bidiyo, maɓallan suna jere a ƙasa: yanka, gudu, rubutu, kiɗa, girman fuska. Cikin minti goma mutumin da bai taɓa editin ba zai fitar da abin da za a iya kallo. Yana tafiya a kan ƙananan wayoyi ba tare da wayar ta ɗau zafi sosai ba, kuma ainihin aikin yanka da rubutu ba ya neman intanet. A na kyauta yana sa tambarinsa a gefe, amma yana barin ka cire shi idan ka kalli talla ɗaya. Kana iya naɗar muryarka kai tsaye a kan bidiyon, ka ciro sauti daga wani bidiyo, ka sa kiɗa ya shigo a hankali ya fita a hankali. Inda yake gazawa shi ne idan aiki ya yi rassa. Murya, da kiɗa, da ƙananan sautuka biyar, da rubutu mai shiga da fita, duk a ɗan filin nan, sai yatsa ya riƙa taɓa abin da ba shi ake nufi ba. Ga mai ɗora kaya uku ko huɗu a sitatus na WhatsApp kullum, wannan iyakar ba za ta taɓa damun sa ba.

KineMaster na wani kamfanin Koriya ta Kudu ne, kuma ya girmi CapCut da shekaru, shi ya sa da yawa daga masu haɗa bidiyon biki da na wa'azi a waya da shi suka koyi aiki. Ba shi da saurin shiga kai. Amma a fannin sauti ya fi sauran ba mutum iko. Kana iya ɗiga maki a kan layin sautin, ka ja wannan ƙasa ka ɗaga wancan, yadda kiɗa zai lafa daidai lokacin da za ka faɗi farashi, ya dawo bayan ka gama. Yana ma iya rage kiɗan da kansa duk sanda murya ta shigo. Hawa-hawan hoto da rubutu a fili suke, kowanne da layinsa. Matsalar ita ce tambarinsa, wanda ke zaune a kusurwar bidiyo daga farko har ƙarshe a na kyauta, kuma sai da biyan kuɗin wata ko na shekara yake fita. Biyan ma sai da katin da Google Play zai karɓa.

Wannan tambarin da alamar Pro ta CapCut ne suka sa fasassun KineMaster da CapCut, wato waɗanda aka taɓa cikinsu don a kauce wa biya, suka cika gari, ana tura wa juna ta Xender. Shawarata a nan gajera ce: wayar da kake karɓar kuɗin kwastoma da ita, wadda manhajar bankinka ke ciki, ba wurin ɗora abin da ba ka san wanda ya taɓa cikinsa ba ne. Wanda tambari ya dama kuma ba ya son biya, ga VN, kyauta ne, ba ya ɓata fuskar bidiyo, yana da layukan sauti da yawa. Ga kuma Edits da Instagram suka fitar a Afrilun 2025, shi ma ba ya sa tambari, ko da yake ya fi dacewa da wanda kasuwarsa ke Instagram ɗin.

Wani abu da ya shafe mu mu kaɗai, kuma ya shafi manhajojin duka: rubutun Hausa. Rubutun da manhaja ke fitarwa da kanta daga magana an gina shi ne a kan manyan harsuna irin Turanci, don haka mai talla da Hausa ya shirya rubutawa da hannunsa. Sannan yawancin salon haruffan nan masu ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Sai ka rubuta "ƙarshen farashi", harafin farko ya fito da wata siffa daban, ko ya zama ɗan akwati. Kafin ka zaɓi salon harafi, rubuta "ƙyalle, ɗinki, ɓawo" ka gani. Wanda ya fitar da su lafiya, riƙe shi, kada ka sake canjawa. Zaman da aka yi da harafi ɗaya da kala ɗaya shi ke sa a gane bidiyonka tun kafin a ga sunanka.

Yanzu sauti.

Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su kashe sautin bidiyon gaba ɗaya su ɗora waƙar da ke tashe. Dalilin a fili yake: a wurin da aka ɗauki bidiyon akwai janareta, akwai hon ɗin A Daidaita Sahu, akwai maƙwabci yana ciniki da ƙarfi, waƙa kuwa tana rufe duk wannan. A TikTok kuma sautin da ke tashe yakan taimaka a ga bidiyo. Amma ga mai sayar da kaya, waƙa na da tsadar da ba a gani nan take. Akawun ɗin kasuwanci a TikTok an taƙaita shi ne ga rumbun kiɗan da aka ware don talla, haka Instagram ke rage wa akawun ɗin kasuwanci waƙoƙin da zai iya ɗorawa. Ka ɗauko waƙar wani daga waje ka saka, ana iya kashe sautin bidiyon bayan ya fara tafiya, ko a ƙi karɓar sa ranar da ka so biyan kuɗi a tallata shi. Ko kiɗan da ke cikin manhajar editin ba dukansa aka yarda a yi talla da shi ba. Waƙar mawaƙin Hausa ma dukiyarsa ce, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet. Wanda lallai yake son kiɗa, akwai na halak a rumbun sauti na Meta da na YouTube, kyauta.

Ko an bar maganar doka, a duba masu saye. Cikin kwastomominka akwai wadda ba ta jin kiɗa sam, akwai wanda ke duba sitatus a ofis ko a gaban iyaye, da waƙa ta tashi zai yi wuf ya wuce. A watan azumi, lokacin da cinikin kayan sallah ya fi zafi, masu irin wannan ra'ayi sun fi yawa. Sannan ka lura da abin da ake rubutawa a ƙarƙashin irin waɗannan bidiyoyi: wani na tambayar sunan waƙar, wani na yabon mawaƙin. Takalmin da ake talla yana nan ba wanda ya tanka masa.

Hanya ta biyu ita ce muryarka. Ita ta fi kawo yarda, domin mai turo kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba yana so ya ji akwai mutum a bayan lambar. Amma kada ka yi magana lokacin ɗauka. Ɗauki hoton daban, ka naɗi muryar daban a wuri mai shiru, ka haɗa su a manhaja. Kashe fanka. Bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi, ya fi kowane lokaci. Ɗaki mai labule da katifa da kafet ya fi falo mai tayil, don bango da tayil suna dawo da murya, tufafi kuwa suna shanye ta. Saboda haka ɗan Kantin Kwari da ke zaune tsakanin tulin atamfa har rufi yana da wurin naɗar murya mai kyau ba tare da ya sani ba, in ya ja ƙofa kafin kasuwa ta cika. Wayar ta kasance kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace, don iskar "f" da "b" kada ta riƙa bugun makirufo. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, irin wanda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya fi kuɗin Pro na kowace manhaja amfani. Bayan an naɗa, a bi a yanke duk numfashi da "eh to" da "wato". Maganar daƙiƙa talatin takan koma ashirin, kuma ba a rasa komai ba.

A nan ne zan sako ra'ayina kan "a zo ta inbos don jin farashi". Mai saye da yawa ba zai zo ba, zai ɗauka abin ya fi ƙarfinsa ne ko kuma kowa da kuɗin da ake yanka masa. Faɗi kuɗin da baki, ka kuma rubuta shi.

Hanya ta uku ita ce wadda aka fi sakaci da ita, alhali ba ta cin ko sisi: sautin kayan da kansu. Ɗauki mai tsire. Buɗe bidiyon da wuƙa tana sauka a kan katako, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kusa sosai har ana ganin tururi. Daƙiƙa biyu. Yanka zuwa mai yana ɗiga a garwashi, cuuu, hayaƙi ya tashi. Yanka zuwa hannu yana barbaɗa yaji, sai ƙarar takarda ana naɗewa. Sai a lokacin murya ta shigo da wuri da farashi. Babu kiɗa ko ɗaya, amma mai kallo da yunwa ba zai wuce ba. Haka sabuwar shadda idan aka warware ta, tana da wata ƙara mai ƙarfi da mai saye ya sani, kuma da ita yake fara auna nauyinta. Haka fesa turare, haka zip ɗin jaka mai kyau, haka ƙaras-ƙaras na cincin, haka buɗe ledar sabuwar waya. Irin wannan sautin yana yin aikin da waƙa ba za ta iya ba, domin shaida ne a kan kayan. Yadda ake samun sa da tsafta shi ne a sake yin motsin a wuri mai shiru, waya dab da kayan, sannan a ɗora sautin a kan hoton da aka riga aka ɗauka. A nan ne KineMaster da VN suke nuna fifikonsu, don sai an matsa sautin kaɗan-kaɗan har ya faɗa daidai kan saukar wuƙar.

Daidaiton nan ba ƙaramin abu ba ne. Bidiyon waya yawanci hoto 30 ne a kowace daƙiƙa, kuma kuskuren hoto uku ko huɗu ya isa mai kallo ya ji wani abu bai zauna ba, ko da bai san mene ne ba. Kunne ya fi haƙuri da sautin da ya ɗan makara a kan wanda ya riga hoto, tunda a rayuwa ma gani ke riga ji. Idan ka kasa samun daidai, gara ya makara kaɗan.

Su kuma ƙananan sautukan da ake ɗaukowa daga rumbun manhaja, irin shuuu na wucewa da ƙyal na bayyanar rubutu da ƙas na kyamara, matsayinsu matsayin yaji ne a tsire: a barbaɗa, ba a tsoma naman ciki ba. Ƙa'idar da nake bi ita ce, sauti ba ya shiga sai wani abu ya faru a fuskar waya. Farashi ya fito, ƙyal. An sauya daga jar jaka zuwa baƙa, shuuu. Biyu ko uku a bidiyon daƙiƙa ashirin sun isa. Dariyar da aka naɗa da ƙarar faɗuwa da kukan akuya na 'yan barkwanci ne, ka ɗora su a kan leshin dubu ɗari sai ya koma kamar na gwanjo. A kuma tuna cewa sifikar waya ƙarama ce, ba ta fitar da sauti mai kauri. Wannan "dummm" ɗin da ya girgiza ka a iyafis, a wayar kwastoma ba za a ji shi ba. Zaɓi sautuka masu kaifi. Idan kuma an haɗa kiɗa da murya, kiɗan ya sauka can ƙasa, wajen kashi 10 zuwa 20 na ƙarfinsa.

Duk da wannan wahalar, wasu za su kalli bidiyon ne a kashe, musamman a Facebook. Saboda su ne sunan kaya da farashi da lambar waya za su fito a rubuce. A sa su a tsakiya ko ɗan sama, domin a TikTok da Reels ƙasan fuska da gefen dama maɓallai da rubutun manhaja sun rufe su. Filta kuwa a bar wa masu hoton fuska. Atamfar da filta ta mayar ruwan goro mai haske, in ta isa Gusau ko Maraɗi aka buɗe aka ga ba haka take ba, kuɗin mota biyu ne a kanka, ga kwastoma ta tafi. Hasken rana na safe a bakin ƙofa ya fi kowace filta.

To wa zai ɗauki wanne? Wadda kasuwarta ke sitatus na WhatsApp, masu kallonta sun riga sun san ta, wayarta kuma ba babba ba ce, InShot da muryarta sun ishe ta, kada ta wahalar da kanta. Mai neman sababbin idanu a TikTok, mai waya da ram 4 zuwa sama, ya ɗauki CapCut, ya yanka da hannu, ya riƙa duba alamar Pro tun kafin ya yi nisa. Mai abinci, da mai shadda, da duk wanda kayansa ke da ƙara tasu, VN zai fi yi masa, ko KineMaster in zai iya biya. Wanda kuma yake son mayar da editin sana'a, yana haɗa wa shaguna bidiyo ana biyan sa, ya biya KineMaster ko CapCut na gaskiya ya sa a cikin kuɗin aikinsa, domin ba mai shagon da zai karɓi talla da tambarin wani a kusurwa.

Wajen fitarwa, a tsaye ake so, 9:16. Don TikTok da Instagram a fitar da 1080, don sitatus kuwa 720 ya wadatar, tunda WhatsApp zai matse bidiyon ko ta yaya, kuma na daƙiƙa 30 a 1080 yakan kai megabayit 30 ko fiye. A 2024 aka ƙara tsawon bidiyon sitatus daga daƙiƙa 30 zuwa minti guda, amma tallar kaya ɗaya ba ta buƙatar rabin haka. Kafin ka saki, tura bidiyon ta WhatsApp zuwa ƙaramar wayar wani a gida, ka cire iyafis, ka kunna shi a bakin titi. In ba ka ji farashin tangaran ba, koma ka ƙara rage kiɗan.